Fam 100 don mota ta tsaya a fili

Autarmu nas ce. Ta yi aiki a nan Sakkwato kafin ta bi ayarin masu tafiya Ingila aikin jinya, yanzu tana wani gari a tsakiyar ƙasar ita da mijinta da yara biyu. Ni kuwa ina nan da shagona na buga takardu da fotokwafi, inda rabin masu shigowa takardar rantsuwa ta kotu ko yarjejeniyar sayen fili suke so a buga musu. Shi ya sa a gidanmu duk takardar da ta zo da dogon Turanci ni ake miƙo wa. Wannan karon a zauren WhatsApp na 'yan gida Auta ta saka ta, kowa ya riga ni gani.

Hoton motarta ne guda biyu a jikin takardar. A na farko tana shiga filin ajiye motoci na wani rukunin kantuna da ƙarfe takwas da 'yan mintuna na safe, a na biyu tana fita wajen ƙarfe shida na yamma. Ƙarƙashinsu an rubuta cewa ta wuce lokacin da aka yarda mota ta tsaya a filin, ana bin ta fam 100, amma in ta biya cikin kwana 14 za a karɓi fam 60. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, ga maganar masu karɓar bashi da kotu. A lokacin fam ɗaya yana wajen naira 2,000. Ana maganar naira 200,000 ke nan, kusan albashi mafi ƙanƙanta na wata uku.

Inna ba ta karatun boko, jikarta ce ta karanta mata, kuma daga duk abin da aka karanta kalmar kotu kaɗai ta shiga kunnenta. Bayan magariba ta aika aka kira ni.

"Mi tay yi musu? Ka hwaɗa mata ta ba su kuɗɗinsu mu huta. Ni ban son a kai min ɗiya gaban alƙali a ƙasar mutane."

Kawu, wanda ya yi shekaru yana jan motar haya tsakanin Sakkwato da Illela, shi shawararsa daban ce. Ta shirya ta tafi ofishinsu, ta gaishe su da ladabi, ta ce ita baƙuwa ce, ta ba su haƙuri. Ba laifinsa ba ne. A Babbar Kasuwa yaron da ke yanka tikiti a bakin ƙofa kana ganinsa yana ganinka, in gardama ta tashi akwai ubangidansa a zaune ƙarƙashin rumfa, in ta ƙi ci akwai wanda ya san wanda ya san shi. Sai ɗan yayata da ke jami'a ya shigo da tasa: a intanet kowa ya san wannan ba tarar gwamnati ba ce, ta jefa a kwandon shara kawai.

Na ce duk su dakata, a ba ni takardar in karanta ta tun daga sama har ƙasa.

Abin da yaron ya faɗa akwai gaskiya a rabinsa. Takardar ba daga 'yan sanda take ba, ba kuma daga ƙaramar hukuma ba. Kamfani ne mai zaman kansa. Mai filin yana ɗaukar irin waɗannan kamfanoni su tsare masa wurin, su kuma su kafa alluna a bakin shiga da cikin fili: fakin kyauta ne na awa kaza, wanda ya zarce zai biya kaza. A dokar Ingila, in ka shiga ka ajiye mota alhali allon yana tsaye inda ido zai gan shi, ka ƙulla yarjejeniya da su, ko da ba ka sa hannu a komai ba, ko da ba ka ɗaga kai ka karanta ba. Ni da na saba buga yarjejeniya mai ɗauke da mai saye da mai sayarwa da shaidun kowane ɓangare da hatimin mai unguwa, abin ya yi mini banbaraƙwai, amma haka yake. To abin da suke aiko maka ba tara ba ce, iƙirari ne cewa ka saɓa yarjejeniya, suna bin ka kuɗi. Ba su da ikon kama ka, ba abin da zai taɓa lasisin tuƙinka, ba kuma a rubuta ka cikin masu laifi. Sai dai suna da wayo. Takardarsu da ta ƙaramar hukuma duk PCN ake taƙaita sunansu, kuma wadda suke liƙawa a gilashin mota a leda mai ruwan ɗorawa take zuwa, har baƙo ba ya bambance su. Abin da za a fara dubawa shi ne sunan wanda ya aiko. In ƙaramar hukuma ce, wannan wata hanya ce daban mai nata ƙa'idoji.

Inda yaron ya kauce shi ne maganar kwandon shara. Wannan tsohuwar shawara ce da zamani ya wuce, ta ci gaba da yawo a intanet. Abu biyu ne suka kashe ta.

Na farko doka ce ta 2012, wadda ta fara aiki a watan Oktoba na shekarar a Ingila da Wales. Kafin ita, kamfanonin nan ɗaure tayar mota suke yi da ƙarfe, ba sa kwancewa sai ka biya. Dokar ta haramta musu wannan a filayen da ba na hukuma ba, amma ta ba su wani abu a madadinsa: in ba su san wanda ya tuƙa motar ba, suna iya bin wanda sunansa ke kan rajistar motar. Da, mutum yana iya cewa "ba ni na tuƙa ba" ya yi shiru, magana ta mutu. Yanzu ba haka ba ne, matuƙar kamfanin ya cika sharuɗɗan da dokar ta gindaya masa. Wannan sashe na dokar bai shafi Scotland da Ireland ta Arewa ba, don haka wanda ke Glasgow kada ya ɗauki lissafin wanda ke Birmingham.

Na biyu shari'ar wani mutum ce mai suna Barry Beavis, mai shagon soya kifi da dankali. A 2013 ya ajiye mota a filin wasu kantuna a garin Chelmsford inda aka ba da awa biyu kyauta, ya ƙara minti 56 a kai, kamfanin ParkingEye ya aiko masa da takardar fam 85. Ya ce ba zai biya ba, don tsayuwarsa ba ta jawo wa kowa asarar fam 85 ba. Ya bi maganar har Kotun Ƙoli ta Birtaniya, a watan Nuwamba na 2015 kotun ta yanke cewa kuɗin bai wuce hankali ba, kuma kamfanin yana da halastacciyar manufa ta hana mutane mamaye filin masu sayayya. Tun daga ranar, hujjar "ai ba ku yi asarar komai ba" ta daina aiki. Na ji tausayin mutumin, don hujjarsa ita ce wadda duk mai hankali zai fara kawowa.

Auta ta tambaye ni yadda aka yi suka san gidanta, tunda ba wanda ya tare ta ranar. Kyamara ce a bakin ƙofa take ɗaukar lambar kowace mota, shiga da fita. Daga nan kamfanin ya tura lambar ga DVLA, hukumar da ke riƙe da rajistar motoci, ya biya fam 2.50, a ba shi suna da adireshi. Ba kowa ake ba ba, sai kamfanin da ke cikin ɗaya daga ƙungiyoyi biyu da aka amince da su, BPA ko IPC. A 'yan shekarun nan irin wannan buƙata ta haura miliyan 12 a shekara. Kowa ya lissafa da kansa ya ga ko wannan tsaron fili ne ko kasuwa.

Na ce mata, "Auta, ki bar kuka da su tukuna. Ranar nan ina da ina kika je?"

"Yaya, wallahi ban yi awa goma a wurin ba. Daga aikin dare na taso, na tsaya na sayi burodi da madara na wuce gida na kwanta. Da yamma na sake biyawa na sayo wa yaro magani."

Nan maganar take. Sau biyu ta shiga filin a rana ɗaya. Kyamarar ta kama shigarta ta safe da fitarta ta yamma, ta rasa fitar safe da shigar yamma, wataƙila wata babbar mota ce ta kare lambar, na'ura ta haɗa biyun ta ce wuni ta yi. Wannan sananniyar matsala ce ta irin kyamarorin, kamfanonin kansu sun san da ita, kuma ya kamata a ce mutum ya duba kafin a buga takarda.

Rantsuwa ba ta aiki a wurin, don ba wanda zai saurare ta. Sai muka shiga neman shaida. Bayanin katinta na banki ya nuna cinikin safe da na yamma, kowanne da lokacinsa. Wannan kaɗai bai isa ba, suna iya cewa a ƙafa ta tafi ta bar motar. Abin da ya cece ta rasit ne na gidan mai, a wata unguwa daban, da ƙarfe uku da wani abu na rana, lokacin da ta fita ɗauko yara daga makaranta. Motar da ke shan mai a can ba za ta kasance a fake a nan ba. Ta ƙara da taswirar wayarta, wadda ke ajiye tarihin inda mutum ya bi.

Kafin a rubuta komai na sa ta duba kwanaki. In kyamara ce ta kama ka, ba a liƙa maka komai a gilashi ba, dole takardar ta iso ga mai rajistar motar cikin kwana 14 daga ranar da abin ya faru, in har suna so su ɗora masa nauyin. In an liƙa a gilashi, ta gidan waya tana biyowa ne tsakanin kwana 28 da 56. Kamfanin da ya makara, ko ya bar wasu kalmomin da dokar ta wajabta, direba kaɗai zai iya bi, kuma ba dole ba ne mai mota ya faɗa musu wanda ya tuƙa. Shi ya sa masu sanin harkar ke rubuta ƙorafi da sunan mai rajistar mota, su ce "direban ya shiga da ƙarfe kaza", ba "na shiga" ba. Ba ƙarya aka yi ba, ba a dai ba su kyautar abin da ba su da shi ba. Ta Auta ta iso cikin lokaci, don haka wannan ƙofa a rufe take, amma duk da haka mun rubuta a matsayin mai mota.

Shawarar Kawu ma ba ta faɗi ƙasa banza ba. Kamfanin fakin ba shi da ofishin da za ka je ka durƙusa, akwatin gidan waya ne da shafin intanet. Amma wanda ya ɗauke su aiki yana iya ce musu su soke, kuma manyan kantuna da yawa suna yin haka in abokin ciniki ya je wa manaja da rasit a hannu. Auta ta je. Manajan ya karɓe ta da mutunci, ya ce filin ba nasu ba ne su kaɗai, na mai rukunin ginin ne, ba shi da hannu a ciki. Da kanti ɗaya ne mai filinsa, da wataƙila a nan maganar ta ƙare.

Ta tura ƙorafi ga kamfanin ta shafinsu, cikin kwana 28 da suka bayar, da hotunan rasit. Ba ta biya ko kwabo ba, don wanda ya biya an ɗauka ya amsa, ƙofar ƙorafi ta rufe. Amsar da ta dawo kana gani ka san ba wanda ya buɗe hotunan. Sun yi nazari da kyau, allunansu a bayyane suke, ba su karɓi ƙorafin ba. Suka sake ba ta kwana 14 ta biya fam 60, suka kuma haɗo da wata lamba mai alƙaluma 10 ta ɗaukaka ƙara zuwa POPLA, wadda ke sauraron ƙararrakin kamfanonin da ke ƙarƙashin BPA. 'Yan IPC tasu IAS ce, kuma masu motoci sun fi kuka da ita.

Nan ne tarkon yake, kuma da gangan aka ɗana shi. Zuwa POPLA kyauta ne, amma in ka je ka faɗi, rangwamen ya tafi, fam 100 cif za ka biya. Mutumin da ya taso daga aikin dare, ga yara, ga haya, sai ya ce fam 60 ba ta kai ciwon kai ba, ko da yana da gaskiya. Ga Inna kuma a wannan gefen, kullum in na shiga gaishe ta sai ta tayar da maganar. Ita ba kotun ce kaɗai ta dame ta ba, bashi ne. Ta ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa, mutuwa kuma ba ta sallama. Na ce, "Inna, gaskiya ne, amma bashi shi ne abin da mutum ya ci. Wanga ba ta ci ba, ƙaga mata aka yi." Ta yi shiru, ba don ta gamsu ba.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana. Wanda ya san ya wuce lokaci, allo yana nan ƙato a gabansa, takarda ta zo a kan ƙa'ida, ya biya fam 60 ɗin tun da wuri ya huta. Ya dai fara duba ko abin da ya ƙara bai kai minti 10 ba, don ƙa'idar da ƙungiyoyin biyu suka fara aiki da ita a Oktoban 2024 ta ba da sassaucin minti 10 bayan ƙarewar lokaci. Amma mai shaida a hannu irin ta Auta, biyansa ba haƙuri ba ne, ƙarfafa musu gwiwa ne su yi wa na baya. Kuma hukuncin POPLA kamfanin yake ɗaurewa, bai ɗaure mai mota ba. Ta shigar da ƙarar. Kamfanin bai ma kawo nasa bayanin ba, ya janye, aka aiko mata da imel cewa an soke.

Majalisar Birtaniya ta san da wannan ɓarna. A 2019 ta zartar da dokar da ta umarci gwamnati ta fito da ƙa'ida guda ga kamfanonin. A Fabrairun 2022 aka fito da ita, ta rage yawancin cajin zuwa fam 50, ta kuma hana ƙarin kuɗin masu karɓar bashi. Kamfanonin suka garzaya kotu, a watan Yuni na shekarar gwamnati ta janye ta. Ƙa'idar 2024 da na ambata su suka rubuta wa kansu, shi ya sa fam 100 ɗin tana nan daram.

Wanda abin ya ci da gaske abokin mijin Auta ne, ɗan nan jihar, wanda ya je karatu ya zarce da aikin kula da tsofaffi. Shi bai ma ga takarda ba balle ya jefa ta a shara. Ya tashi daga gidan da yake haya, ya sauya adireshi a lasisinsa na tuƙi, ya ɗauka ya gama. Ashe takardar rajistar mota, wadda suke kira V5C, daban ake sauya mata, kuma ita ce DVLA ke dubawa in kamfani ya tambaya. Sauyawar kyauta ce, 'yan mintuna a intanet, rashin yin ta ma laifi ne da tararsa ke iya kaiwa fam 1,000.

Komai sai ya riƙa tafiya tsohon gida. Takardar farko ta fam 60 ko 100. Sai ta tunatarwa. Sai ta masu karɓar bashi, waɗanda ke ɗora har fam 70 a kai ya zama 170, da jan rubutu da barazana. Su waɗannan ba ma'aikatan kotu ba ne, ba su da ikon shiga gidan kowa ko ɗaukar kayansa, wasiƙa da waya ne iyakarsu. Masu ikon ƙwace kaya sai bayan kotu ta yi hukunci an ƙi biya suke fitowa. Bayan su sai wasiƙar lauyoyi ta gargaɗin shiga kotu, wadda ke ba mutum kwana 30 ya amsa. Daga ƙarshe sammaci, wanda galibi daga cibiyar kotu da ke Northampton yake fitowa. Wannan ita ce takardar da ba a wasa da ita. Kwana 14 ne a amsa, in mutum ya sanar cewa ya karɓa kuma zai kare kansa, ya zama 28. Wanda bai amsa ba, ba a zama a saurari komai, hukunci kawai ake bugawa a kansa. Kuma kamfanin yana da shekara shida ya kai ƙara, don haka shirunsu na shekara biyu ko uku ba ya nufin sun manta.

Shi bai san an yi masa hukunci ba sai da ya je neman sabon gida, dillalan suka bincika tarihinsa na bashi suka ce ba za su ba shi ba. Hukuncin kotun gunduma, wanda suke kira CCJ, shekara shida yake zama a rajistar da bankuna da masu gidaje da kamfanonin waya ke dubawa. Wanda ya biya cikin wata ɗaya da yanke shi, ana goge shi gaba ɗaya, shi ya sa ko wanda ya je kotu ya faɗi bai yi asarar sunansa ba in ya biya nan take. Wanda ya wuce wata ɗaya, ko ya biya, sai dai a rubuta cewa ya biya, amma tabon yana nan har shekarun su cika. Nasa ya yi watanni. Kuɗin da ya fara daga fam 100 ya haura 250 da kuɗin kotu da na lauya.

Hanyar da ta rage masa ita ce ya roƙi kotu ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa sammacin bai taɓa isowa hannunsa ba, kuma ya yi hakan da gaggawa daga ranar da ya sani. Kuɗin shigar da wannan roƙo kaɗai wajen fam 300 ne, ya fi bashin kansa, sai dai in kamfanin ya yarda a soke da yardar juna, nan ya fi sauƙi. Ya tattara yarjejeniyar hayar sabon wurin da ya koma da takardun wuta da na banki masu nuna ranar da ya tashi, ya shigar. Gidan kuwa sai da mijin Auta ya sa hannu ya tsaya masa kafin aka ba shi makulli. Roƙon nasa yana gaban alƙali, ana jiran ranar zama.